Shin katikis ko miji zai iya sa wa mai ciki albarka, kuma dole ne jariri ya ci sunan waliyyi?

Tambayar ta fito ne daga wani magidanci ɗan Katolika da ke zaune a ƙauye, inda Fada, wato firist, ba ya samun zuwa sai bayan makonni da yawa. Matarsa tana da cikin fari na wata biyar, katikis ɗinsu, wato mai koyar da addini a cocinsu wanda ba firist ba ne, ya ce zai zo gida ya sa mata albarka, sai wani dattijo a cocin ya ce wannan aikin Fada ne shi kaɗai. Ban da wannan, yana son idan namiji aka haifa ya mai da sunan mahaifinsa marigayi, Danladi, wanda ya rasu bai karɓi baftisma ba, an kuwa gaya masa cewa ba a yi wa yaro baftisma sai da sunan waliyyi.

Ɗan'uwana cikin Kristi, Allah ya sauki iyalinka lafiya. Katikis zai iya jagorantar albarkar mace mai ciki, kai ma a matsayinka na mijinta kuma uban abin da ke cikinta kana da ikon roƙa musu albarka a gidanka kowace rana, sannan babu wata dokar Ikkilisiya da ke aiki a yau da ta hana a yi wa yaro baftisma da sunan kakansa. Amma dattijon nan da ya yi magana kada ka ɗauke shi jahili, domin abin da ya faɗa shi ne kusan abin da aka koya wa iyayenmu, kuma akwai ɓangaren maganarsa da har yanzu yake tsaye.

Albarka ba ta cikin sakramenti bakwai da Kristi ya kafa. Tana cikin alamu masu tsarki waɗanda Ikkilisiya ita kanta ta kafa, irin su ruwan albarka da tokar farkon azumi da alamar gicciye, kuma tun da Ikkilisiya ce ta kafa su, ita ce ke da ikon faɗin wanda zai jagorance su. Kafin Babban Taron Batikan na Biyu, wato taron bishop-bishop na Katolika na duniya, kusan duk albarkar da ke rubuce a littattafan ibada a hannun firist take. A ranar 4 ga Disamba 1963 taron ya fitar da kundinsa a kan ibada, a sakin layi na 79 kuwa ya umarta a buɗe hanya domin masu bi waɗanda ba a naɗa su ba, idan sun cancanta, su iya gudanar da wasu daga cikin waɗannan alamu bisa ga hukuncin bishop. Dokokin Ikkilisiya da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya kafa a 1983 sun tabbatar da haka a doka ta 1168, sai Littafin Albarku da Roma ta fitar a 1984 ya fayyace wace albarka ce ta wa. A cikinsa akwai tsarin albarkar mace kafin haihuwa da na bayan haihuwa, kuma an rubuta a fili cewa firist ko dikon (wanda aka naɗa a matakin da ke ƙasa da na firist) zai iya amfani da su, haka nan wanda ba a naɗa ba zai iya, muddin ya bi addu'o'i da alamun da aka keɓe masa.

Dalilin da ya sa aka yarda da haka ya fi dokar kanta muhimmanci, kuma shi nake so ka riƙe. Katikisma, wato littafin koyarwar Ikkilisiyar Katolika, a sakin layi na 1669, ta ce waɗannan alamu daga firistancin baftisma suke fitowa, cewa kowane mai baftisma an kira shi ya zama albarka ya kuma sa albarka. Saboda haka albarkar da katikis ko uba ya roƙa ba wata 'yar riƙon ƙwarya ba ce da ake lallaɓawa da ita kafin ta gaske ta iso. Mai sa albarka Allah ne, ko ta bakin bishop aka roƙe shi ko ta bakin kaka, kuma tun kafin a kafa firistancin Haruna iyaye ne ke sa wa 'ya'yansu albarka, kamar yadda Ishaku ya sa wa Yakubu, Yakubu kuma ya ɗora hannuwansa a kan Ifraimu da Manassa a sura ta 48 ta littafin Farawa. Gabatarwar Littafin Albarku ma ta ambaci iyaye da sunansu, ta ce suna yin haka domin 'ya'yansu saboda matsayinsu na iyaye, ta kuma ambaci katikis saboda aikin da aka danƙa masa. Wanda ya fara gaida uwar Ubangijinmu da kalmar albarka tana ɗauke da ciki kuwa ba Zakariya firist ba ne, domin shi a lokacin bakinsa a rufe yake. Alisabatu ce, tsohuwa mai cikin wata shida, ta ce wa Maryamu mai albarka ce ke a cikin mata, mai albarka ne kuma ɗan cikinki. Waɗannan kalmomi na matar aure a ƙofar gidanta su ne muke maimaitawa duk lokacin da muka ce “A gaishe ki Maryamu”.

Inda dattijon yake da gaskiya shi ne cewa ba kowace albarka ce aka sakar wa kowa ba. Sakin layin nan na Katikisma ya ci gaba da cewa gwargwadon yadda albarka ta shafi rayuwar Ikkilisiya da sakramenti, gwargwadon haka ake keɓe ta ga bishop da firist da dikon. Haka kuma idan Fada ko dikon yana wurin, shi ake bar wa jagoranci. Alamun hannu ma sun bambanta: firist yana miƙa hannuwansa a kan wadda ake sa wa albarka, yana kuma zana gicciye a kan jama'a, shi kuwa katikis yana haɗa tafukansa ne yayin addu'ar, a ƙarshe ya yi alamar gicciye a jikinsa yana roƙon Allah ya sa mana albarka dukanmu, har da shi. Akwai kuma wani tsari dabam na albarkar jaririn da ke cikin mahaifa, wanda bishop-bishop na Amurka suka shirya cikin Turanci da Sifaniyanci aka kuma fara amfani da shi a 2012 bayan amincewar Roma. Wannan na firist ne ko dikon, ko a cikin Mas ko a wajenta, don haka idan katikis ɗinku ya ci karo da shi a intanet, ba shi ne zai karanta ba. Tun da kuma doka ta rataya al'amarin a kan hukuncin bishop na kowane dayosis, ya kamata katikis ya sanar da Fada kafin ya zo, ko da ta waya ne.

Yadda ake yin albarkar mai ciki a gida ba shi da wuya. A taru a gida, da ku biyu da duk wanda kuke so ya kasance, a fara da alamar gicciye, a karanta Maganar Allah, wadda ta fi dacewa kuwa ita ce ziyarar Maryamu ga Alisabatu a Luka 1:39-45, a yi roƙe-roƙe domin uwa da ɗa da ungozoma ko ma'aikatan asibitin da za su karɓi haihuwar, sannan katikis ya karanta addu'ar albarka, a nemi taimakon Maryamu, a rufe. Karatun Littafi ba ado ba ne da za a iya tsallakewa idan ana sauri, domin tsarin albarka duka a kan abu biyu aka gina shi, wato shelar Maganar Allah da kuma yabo tare da roƙo, kuma Littafin Albarku ya hana a mai da albarka alamar hannu kawai ba tare da Magana ko addu'a ba. Idan matarka tana jin kunyar a tara mata jama'a a kan cikin fari, wanda al'adarmu ta saba ɓoyewa, kada a tilasta mata. Mutum uku a ɗaki sun isa. Idan kuma za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ya fi kyau a yi kafin ta tafi, ko kuwa a bar wa uwarta da matan Zumuntan Mata Katolika na can su riƙa yi mata addu'a.

Naka aikin na kullum ya fi wannan taron nauyi a wurina, domin katikis sau ɗaya zai zo, kai kuwa kowane dare kana nan. Babu abin da ya hana ka, kafin ku kwanta, ka zana ɗan ƙaramin gicciye da yatsa a goshin matarka, ka ɗora hannunka a kan cikinta a matsayin miji da uba, ka karanta Zabura 139 inda mai zabura yake gode wa Allah da ya harhaɗa shi a cikin uwarsa, ko ka roƙa musu albarkar da ke Littafin Ƙidaya 6:24-26, cewa Ubangiji ya sa musu albarka ya kiyaye su, ya haskaka fuskarsa a kansu, ya ba su salama. Ruwan albarka da Fada ya riga ya tsarkake za ku iya ajiye shi a gida ku riƙa amfani da shi, sai dai kai ko katikis ba ku da ikon tsarkake sabo. Maza da yawa a wurinmu suna ganin ciki da haihuwa sha'anin mata ne, su nasu sayen rago da itacen wankan jego kawai, ni kuwa ina ganin wannan babbar asara ce ga gidajen Kirista, domin yaron da ubansa ya fara yi masa addu'a tun yana ciki ba zai yi wuya ya ci gaba da samun wannan albarka a goshinsa ba bayan ya fara tafiya.

Akwai iyaka guda da nake so in ja da ƙarfi, domin nan ne mutanenmu suka fi zamewa. Albarka roƙo ce ga Allah, ba laya ba ce, ba guru ba ne, kuma ba ta aiki don an faɗi wasu kalmomi daidai ko an shafa wani abu a ciki. Katikisma a sakin layi na 2111 ta kira shi camfi idan mutum ya jingina ƙarfin addu'a ko alamu masu tsarki ga yinsu na zahiri kawai, ba tare da zuciyar da suke bukata ba. Ku yi hattara da masu yawo gida-gida da kwalbar man zaitun suna shafa wa masu ciki suna cewa an ɗaure cikin, ko suna nuna wata tsohuwa a dangi cewa ita ce mayya; umarnin da Roma ta fitar a 1997 a kan haɗin kan masu bi da firistoci, a sashensa na hidima ga marasa lafiya, ya hana wanda ba a naɗa ba yin shafewa, ko da man marasa lafiya ko da wani mai dabam. Kuma albarka ba ta ɗauke zuwa awo. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu, wanda ya roƙi Allah ya raba lafiya sannan ya hana kuɗin mota zuwa asibiti kuwa ya saɓa wa addu'ar bakinsa. Idan ta ga jini, ko ƙafafu da fuska suka kumbura tare da ciwon kai mai tsanani, ko naƙuda ta yi tsawo, a yi addu'ar a kan hanyar asibiti.

Yanzu batun suna. Abin da aka gaya maka yana da tushe, amma tsohuwar doka ce. Dokokin 1917, a doka ta 761, sun umarci firist ya tabbatar an sa wa yaro sunan Kirista, idan kuwa iyaye suka ƙi, ya ƙara sunan wani waliyyi a kan wanda suka zaɓa ya rubuta duka biyun a littafin baftisma. A ƙarƙashin wannan doka ne 'yan mishan suka yi wa kakanninmu baftisma, shi ya sa mutum zai zama Patrick ko Michael a coci alhali a gida sunansa Tanko ko Bawa. Doka ta 855 ta 1983 ta sauya wannan, abin da kawai ta ce shi ne iyaye da iyayen baftisma da Fadan farish su kula kada a sa sunan da ya saɓa wa tunanin Kirista. Katikisma a sakin layi na 2156 ta yaba sa sunan waliyyi, domin yana zama wa yaro abin koyi kuma mai roƙo dominsa, amma ta ƙara da cewa sunan baftisma zai iya bayyana wani asirin bangaskiya ko wani halin kirki na Kirista. Wannan ya buɗe ƙofa ga sunayen da Kiristocin Arewa suka daɗe suna sawa, irin su Godiya, Alheri, Salama, Murna, Ƙauna, Bege, Haske da Nasara, kuma babu ɗayansu da ya gaza Grace ko Peace daraja don kawai da Hausa aka faɗe shi. Haka nan Bitrus, Bulus, Istifanus, Hannatu, Rifkatu, Saratu, Musa, Ibrahim da Yusufu duk sunayen tsarkaka ne na Littafi Mai Tsarki, kasancewar maƙwabtanmu Musulmi suna sa wasu daga cikinsu bai rage musu komai ba.

Sunan Danladi kuwa, wanda ake sa wa wanda aka haifa ran Lahadi, ban ga ta inda zai saɓa wa tunanin Kirista ba, tun da Lahadi ita ce ranar tashin Ubangiji. Rasuwar mahaifinka ba tare da baftisma ba ba ta ɓata sunansa ba, kuma girmama shi yana cikin doka ta huɗu ta Dokoki Goma, wadda ba ta ce a girmama iyaye sai in Kirista ne ba. Ku dai shirya tun yanzu da wane laƙabi za a riƙa kiran yaron, tun da matarka ba za ta iya faɗin sunan surukinta ba, ita kuma ga alkunyar ɗan fari. Baba ko Abba ko Babangida ne zai bi shi a gida, don haka sunan da kuka haɗa masa da shi zai iya zama wanda za a fi jin sa da shi a makaranta da coci.

Shawarata ita ce ku haɗa biyun, sunan kaka da sunan waliyyi, ba don doka ta tilasta ba, sai don yaron ya tashi da sanin cewa yana da dangi biyu, na jini da na baftisma. Kuma ba sai kun haura teku neman waliyyi ba. Kizito, ƙaramin cikin shahidan Yuganda da aka ƙone a Namugongo ranar 3 ga Yuni 1886, da sunansa na gida Ikkilisiya take kiransa tun da Paparoma Bulus na Shida ya sa su cikin waliyyai a 1964, wanda ya yi masa baftisma a ɓoye kwanaki kaɗan kafin mutuwarsa kuwa Charles Lwanga ne, wanda shi ma ba firist ba ne. Bakhita, wadda aka sace daga Darfur tana ƙarama har ta manta sunan da iyayenta suka sa mata, masu fataucin bayi ne suka raɗa mata wannan suna, ta karɓi baftisma a Italiya a 1890, aka sa ta cikin waliyyai a 2000, yau ga 'yan mata da yawa suna amsa sunan. Mai albarka Cyprian Michael Iwene Tansi, ɗan Nijeriya da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ɗaukaka a 1998 kusa da Onitsha, har yanzu sunansa na haihuwa yana tare da shi. Kowane sunan waliyyi, kafin mai shi ya tsarkaka, sunan gida ne a wata ƙasa. Idan mace Allah ya ba ku, akwai Monika uwar Agustin, da Perpetua da Felisiti waɗanda aka kashe a Kartaj a shekara ta 203. Felisiti da cikin wata takwas take a kurkuku, ta haifi 'yarta kwanaki kaɗan kafin a kai su filin kisa, kuma sunayensu biyu suna cikin addu'ar Yukarist ta farko. Wanda mata masu ciki suka fi neman roƙonsa a faɗin duniya shi ne Gerard Majella, ɗan Italiya da ya rasu a 1755, ana tunawa da shi ranar 16 ga Oktoba, shi ma kuwa ɗan'uwa ne a ƙungiyar masu wa'adi, ba a taɓa naɗa shi firist ba.

Sunayen da za a guje wa su ne waɗanda ke danƙa yaro ga iska ko tsafi, da na Shaiɗan, da waɗanda aka zaɓa don cin mutuncin bangaskiya. Akwai kuma wani rukuni da dokar ba ta ambata da suna ba, amma ni ba na ba da shawararsa, wato sunayen wulakanci irin su Ajuji da Ayashe, da ake sa wa yaron da yayyensa suka yi ta mutuwa domin a nuna kamar ba a damu da shi ba ko mutuwa za ta ƙyale shi. Na san baƙin cikin da ke haifar da irin wannan suna, ba na kuma zargin uwar da ta binne 'ya'ya uku, amma Hausawa sun ce suna linzami ne, yaron kuma shi zai ɗauke shi har tsufansa. Lokacin da Rahila take mutuwa a kan gwiwa ta kira jaririnta Ben-oni, ɗan baƙin cikina, sai Yakubu ya ƙi barin wannan nauyi a kansa ya kira shi Biliyaminu, kamar yadda yake a Farawa 35:18. Haka nan sunan da aka tsinta a talabijin ko a filin ƙwallo ba tare da an san ma'anarsa ba, doka ba ta hana ba, amma ya kamata uba ya iya gaya wa ɗansa dalilin sunansa ranar da ya tambaya.

Zaɓen suna tun kafin haihuwa ba laifi ba ne kuma ba ya jawo wa ciki komai, domin mala'ika ya ba da sunan Yesu tun kafin a ɗauki cikinsa, haka ma na Yohanna, ko da yake a rana ta takwas aka raɗa musu a gaban jama'a. Labarin Yohanna ma yana da amfani idan dangi suka matsa muku, domin 'yan'uwa sun so a mai da sunan ubansa Zakariya, suna cewa babu mai suna Yohanna a danginku, amma maganar uwa da uba ce ta tsaya. Ku biyu ku yanke shawara tare, kada ka sanar da matarka sunan ɗanta a bakin taro. Bikin suna na kwana bakwai, da rago da goro da addu'ar katikis, al'ada ce mai kyau kuma Ikkilisiya ba ta hana ba, sai dai ba ya maye gurbin baftisma, inda tambaya ta farko da ake yi wa iyaye a ƙofar coci ita ce wane suna kuka ba ɗanku.

Doka ta 867 ta ɗora wa iyaye nauyin kai jariri baftisma a cikin makonnin farko, ta kuma ce su je wurin Fada da zarar an haihu ko ma tun kafin haihuwa domin su nemi sakramentin a kuma shirya su. Tun da Fada yana daɗewa bai zo muku ba, zuwansa na gaba ku same shi ku biyu, ya sa wa matarka albarka da hannunsa, ku gaya masa sunayen da kuka zaɓa, ku kuma ambaci uba ko uwar baftisma, wanda dole ya zama ɗan Katolika da ya kai shekara 16, ya karɓi sakramentin tabbatarwa da Jibi Mai Tsarki, kuma ba ɗaya daga cikinku iyayen ba. Ka tabbata an rubuta sunan da haruffa iri ɗaya da jeri iri ɗaya a littafin baftisma da kuma takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, domin bambancin harafi ɗaya yakan hana yaro jarrabawa ko fasfo bayan shekaru. Idan kuma, Allah ya kiyaye, jaririn ya zo cikin haɗarin mutuwa, ba a jiran Fada kuma ba a jiran ranar suna: doka ta 861 ta ba katikis, ko ungozoma, ko kai kanka, ikon zuba ruwa mai tsabta a kansa sau uku kana kiran sunansa kana cewa “Ina yi maka baftisma cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki”, sannan a sanar da Fada domin ya rubuta a littafi, ya kuma cika sauran addu'o'in a coci idan yaron ya samu sauƙi.